Zauren Gwaggo: "An ce wai hawayena ne ke ƙona yarona a kabari"

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wasiƙu sun taru wannan karon, na ware guda uku da naga ciwonsu ɗaya ne ko da yake masu su basu san juna ba. Masu tambayar rikicin kishiya da kuɗin adashe ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce shekarata tara a ɗaki, haihuwata huɗu biyu masu sikila ne. Babban ya rasu da sanyin bara yana shekara bakwai, ciwo ya tashi masa cikin dare ƙafa da baya yana ta ihu Umma danna min Umma danna min, kafin asuba idonsa yayi fari fat, muna asibiti ana neman jinin da za a ƙara masa rai yayi halinsa. Tun ranar bana iya riƙe hawaye ko takalminsa na gani sai kuka, shine uwar mijina tace wai bani da tawakkali wai hawayena ƙona shi yake a kabari, wata rana kuma tace in binciki kaina don Allah baya kama mutum haka kawai sai da abinda ya aikata, su a zuri'arsu ba a taɓa wannan ciwon ba. Yanzu ƙanwarsa ce ke fama kuma an hana ni kaita ganin likita wai tunda wancan ma asibitin bai hana shi tafiya ba a tsaya ga rubutu da tofi. Gwaggo wlh ko sallah na tayar sai inji kamar Allah fushi yake dani. Da gaske laifina ne?

Wata uwa daga Funtuwa

AMSA

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya raya na baya.

Bari in fara da hawayen tunda shi aka maida miki laifi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, yaro ne ƙarami ko yaye ba a yi masa ba, Manzo ya ɗauke shi ya sumbace shi idanunsa suna zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu yayi mamaki yace har kai ya Manzon Allah? Yace masa wannan rahama ce, sannan yace ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma bama faɗin komai sai abinda Ubangijinmu ya yarda dashi. Wannan yana cikin Bukhari, ba labarin bakin murhu bane. Kuma ki tuna 'ya'ya bakwai Allah ya bashi, shida ya rasa yana raye, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa ita ma wata shida ta bi shi. Toh in mutuwar 'ya'ya alamar fushin Allah ce sai a gaya min me za a ce a nan. Annabi Yakubu kuwa kuka yayi na rashin Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya faɗa a suratu Yusuf, kuma shi ɗin dai shine ya ce haƙuri mai kyau zai yi, da 'ya'yansa suka dame shi da cewa zai hallaka kansa yace musu ni ga Allah kaɗai nake kai kukana. Kinga ashe haƙurin da hawayen a ƙirji ɗaya suka zauna.

Abinda aka hana daban ne, kururuwa da marin fuska da yaga riga da faɗin maganar da bata dace ba ga Ubangiji. Akwai hadisin da ke cewa ana yiwa mamaci azaba da kukan iyalansa, nasan daga nan maganar surukarki ta samo tushe ko da ita bata san hadisin ba, amma malamai sun yi bayani cewa irin wancan kukan na jahiliyya ake nufi musamman ga wanda yayi wasiyya a yi masa shi, Nana A'isha ma da aka kawo mata maganar ayar nan ta jawo cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Balle yaro ɗan shekara bakwai da alƙalami bai hau kansa ba, wace azaba? Kiyi kukanki 'yata, ki share, ki masa addu'a.

Sai maganar zuri'a, a nan kam sai na ɗan taɓa surukarki, da girmanta da komai. Yaro baya zama SS, wato mai sikila, sai ya ɗauko ƙwayar gadon S ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, babu yadda za ayi daga gefe guda kawai. Wato mijinki yana ɗauke dashi kamar yadda kike ɗauke dashi, shi kuma ba a kasuwa ya saya ba, ko daga babansa ko daga ita Hajiyar da ke cewa babu shi a gidansu. Mai AS, wato mai S ɗaya kawai, lafiyarsa lau yake yawo shi yasa ba a ganewa, kuma a da can yara nawa suka mutu a gidajenmu aka ce wabi ne aka sa wa na bayansu Ajuji da Barmani, ba wanda ya taɓa auna jininsu? In AS ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki lissafinsa daban, shi yasa wata zata haifi biyar babu ko ɗaya wata kuma biyu a jere. Kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Najeriya yana ɗauke da S ɗin nan, ana ƙiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar, duk iyayensu masu zunubi ne na musamman? Abin ya kai a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure har da na wannan jinin. Bance kije ki tsaya gaban Hajiya ki karanta mata wannan ba, kar ki ja wa aurenki wata wutar, amma ki riƙe shi a ranki duk sanda zuciya ta fara raya miki cewa ke ce sila.

Abinda yafi tsaya min a wasiƙarki shine yarinyar da ke raye. Ba ni da faɗa da tofi, Manzo da kansa yayi wa marasa lafiya addu'a ya kuma yi tofi da falaƙi da nasi, ayi mata safe da yamma. Amma shi ɗin dai ne yace ku nemi magani bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mai sikila ba sai ciwo ya tashi ake kai shi asibiti ba, zuwan da ake yi yana lafiya shine ke rage tashin, a duba yawan jininta, a bata folik asid da maganin kariya daga maleriya da na ƙwayoyin cuta, a cike mata rigakafi, likita ya duba ko ta dace da haidroksiyuriya wanda yake rage yawan tashin ciwon da yawan ƙarin jini. A gida kuma ruwa ruwa ruwa, ta sha ko bata jin ƙishi, gidan sauro, rigar sanyi da safa in hunturu ya shigo, wanka da ruwan ɗumi. Zazzaɓi in ya taɓa ta kar a ce bari mu ga gobe. In kika ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, ko cikinta ya kumbura ta hagu, ko numfashi yana wahala, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, ko ƙarfe biyun dare ne a fita.

Mijinki bakiyi maganarsa ba ko sau ɗaya a wasiƙar, na lura. Shi ma ɗa ya binne, mai yiwuwa nasa kukan a shago yake yi ko a bayan masallaci. Ki same shi ku biyu ba gaban uwarsa ba, ki roƙe shi ya raka ku asibitin ko sau ɗaya ya ji daga bakin likita. In abin ya faskara ki nemi babban da Hajiya ke jin nauyinsa, ƙaninta ko limamin unguwa mai fahimta, don irin wannan maganar daga bakin suruka ba ta shiga.

TAMBAYA TA BIYU

Slm Gwaggo. Ni tela ne a Maiduguri, ambaliyar 2024 ta cinye min kekuna uku da kayan mutane da ban gama biya ba har yau. Abinda ke damuna wani mai wa'azi naji yana cewa azaba ce Allah ya saukar mana saboda zunubanmu da badala da tayi yawa, to ni Gwaggo unguwarmu talakawa ne masu sallah, islamiyya biyu ce a layinmu, wasu ma gudun hijira ya kawo su sun riga sun rasa komai sau ɗaya, ruwan kuma bai hau unguwannin kan tudu ba ko can babu zunubi ne? Da na faɗi haka a majalisa akace ina ja da ƙaddara in yi istigfari. Don Allah a warware min.

Wani ɗanki daga Maiduguri

AMSA

Ɗana Allah ya mayar da mafi alheri, Allah ya rufa asiri ka sauke nauyin mutane.

Istigfari kam kayi, ni ma inayi, ba a rasa abin nema wa gafara. Amma ba don tambayarka ba, tambayarka daidai take. Gaskiya ne Alƙur'ani ya bamu labarin mutanen da aka hallaka da ruwa da iska saboda laifinsu, sai dai waɗancan Allah ne da kansa ya faɗa ta bakin annabawa. Yau wahayi ya yanke, wanda ya nuna wata unguwa yace wannan azaba ce aka yi muku daga ina ya samo? Shi Alƙur'anin dai shine yace a Baƙara lallai za mu jarraba ku da wani abu na tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, kuma da muminai ake wannan maganar. Manzo (SAW) da aka tambaye shi wa yafi shan jarrabawa yace annabawa, sai masu bi musu sai masu bi musu. Annobar Amwas da ta faɗa wa Sham zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 18 bayan hijira, ta tafi da Abu Ubaida ɗan Jarrah wanda aka yiwa bushara da aljanna tun yana raye, ta tafi da Mu'azu ɗan Jabal. Wa zai buɗe baki yace azaba aka yi musu? Ko maƙwabtanmu Kirista suna da irin wannan a Linjilarsu, inda Annabi Isa ya tambayi mutane game da wasu 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, yace kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya ce musu a'a. Wato wannan ɗabi'ar ta duba wanda masifa ta sama a fara lissafa masa zunubi tsohuwa ce ƙwarai, kuma ni a ganina tsoro ne ke kawo ta, mutum yana so ya tabbatar wa kansa cewa shi ba zata same shi ba tunda shi na kirki ne.

Sannan in ma za a jawo ayar suratu Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abinda hannayen mutane suka aikata, toh a jawo ta duka mana. Me yasa kullum in an tashi lissafin zunubi sai a tsaya kan ɗinkin 'yan mata da kiɗan biki? Cin amanar dukiyar jama'a ba zunubi bane? Gini a kan hanyar ruwa fa, da wanda ya sa hannu aka bada filin, da juye shara a kwalbati? Madatsar Alau da ta ɓalle daren 10 ga Satumba 2024 tun shekarun 1980 aka gina ta a kan kogin Ngadda, kuma a 1994 ma ruwanta ya taɓa cin garin, tsofaffin unguwarku zasu baka labari. Shekara talatin tsakani. Ruwan ya shiga Gwange ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan namun daji bai bari ba. Madatsa abu ce da hannu ya gina hannu ke gyarawa, tambayar ko an kula da ita yadda ya kamata ba ja da ƙaddara bane, haƙƙin waɗanda suka mutu ne a yi ta.

Ka duba abinda Umar yayi a wancan lokacin na annoba. Ya kama hanyar Sham ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai aka tare shi da labari, yayi shawara ya ce a juya. Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya ce masa in kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu ɗaya kore ɗaya busasshe, duk wanda ka kai su kiwo ai da ƙaddarar Allah ka kai su. Haka da fari ya kama Madina a shekarar da ake kira ta toka, ya fita roƙon ruwa, amma kuma ya rubuta wa gwamnoninsa a aiko da abinci, ya hana kansa cin man shanu da nama har sai talakawa sun samu. Bai hau mumbari ya ce wa mayunwata ku binciki kanku ya koma gida ya ci tuwo ba.

Mu ma nan kusa mun gani. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, ana ta haƙa ƙananan kaburbura ana cewa kwana ne ya ƙare, wajen yara 400 suka tafi. Kwanan ya ƙare ɗin kam babu musu, amma da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sauran masu bincike suka auna sai ga gubar dalma, daga dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa aka ba yaran magani, mutuwar ta ja baya. Da an tsaya a haka Allah ya so kawai fa?

Ni inda na ga amfanin imani da ƙaddara shine daren da ka kwanta kana cewa da na kwashe kekunan jiya, da ban karɓi ɗinkin nan ba, da da da. Nan ne Manzo yace kar ka ce da na yi kaza, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abinda ya so ya aikata, don kalmar "da" ɗin nan tana buɗe wa shaiɗan ƙofa. An baka aƙidar ƙaddara ne don ka samu barci ka tashi da ƙarfin sake farawa. Ba a bada ita don mai laifi ya lulluɓa da ita ba. Masu kayan da ke binka bashi kuwa ka je musu ɗaya bayan ɗaya kar ka ɓuya, da yawa zasu yafe tunda ruwan bai bar kowa ba, wanda bai yafe ba ku yanka lokaci.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo mijina ne yayi kwana hamsin da wani abu a hannun masu garkuwa, mun sayar da gona da shanu Allah ya kuɓutar dashi. Amma tunda ya dawo baya barci, ƙarar babur in yaji sai ya zabura, baya son mutane, jam'i ma ya daina fita. 'Yan uwansa sunce butulci ne Allah ya tsamo shi maimakon godiya ya zauna yana ƙunci, wasu sunce aljanun daji ne suka biyo shi. Ya zanyi?

Matar wani daga Zamfara

AMSA

'Yata barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba.

Ba butulci bane. Mutumin da ya kwana hamsin yana jiran a harbe shi jikinsa baya gane cewa an gama don kawai ya shigo gida, likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwon sarai, yana kama sojoji yana kama waɗanda suka tsira daga hatsari, kuma ana samun sauƙi. Mai godiya ma yana firgita. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ai shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzo, ba wanda yace imani ne yayi ƙasa. Nana A'isha kuma in anyi rasuwa a danginsu takan sa a dama talbina, wani kunu ne na sha'ir, tace taji Manzo yace yana kwantar da zuciyar mara lafiya yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kinga har ta ciki ake bi wa damuwa, ba wa'azi kaɗai ba.

Ki fara da tsare masa ƙofa. Masu zuwa jaje da ke zaunar dashi suna cewa to ya akayi, sun dake ka, me kuke ci a can, duk wanda ya tambaya sai ya sake komawa dajin a ransa, ki roƙi yayansa ko wani babba ya riƙa tarbar baƙi a zaure a ce yana hutawa. Kar a matsa masa da fita masallaci, ya yi a ɗaki, in ya fara sakewa wani amininsa ya riƙa biyo masa su tafi tare, a fara da azahar ko la'asar da rana tana waje. Kiyi masa addu'o'in kwanciya, in yana son karatu a kunna masa a hankali, amma kar ki bari a kawo masu rukiyyar da ke duka da shaƙa hayaƙi da tsawa a kunne, wanda aka ɗaure aka daka a daji ba a sake danne shi da sunan magani.

Tunda abin ya ɗauki lokaci ku nemi likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato akwai na Barnawa a Kaduna, manyan asibitocin jiha ma suna da sashen. In sunan wurin zai sa ya ƙi, ki ce masa likitan rashin barci za ku gani, ba ƙarya kika yi ba. In kuwa kika ji ya fara cewa gara ma da sun kashe shi ko rayuwar ta ishe shi, ranar za ku tafi ba washegari ba, kuma kar a bar shi shi kaɗai. Ke ma ki samu 'yar uwa ta zo ta taya ki kwana biyu, kwana hamsin ɗin nan ke ma ba barci kika yi ba. Ki sake rubuto min bayan kun ga likitan inji yadda ake ciki.